Tambayi Likita: Allurar Annoba, "Sha Ka Fashe" da Maganin Rage Ƙiba

Wasiƙun wannan watan daga cikin garin Sakkwato da kewaye suka zo. Likitan lafiyar al'umma da mai harhaɗa magunguna da masaniyar abinci ne suka haɗu suka amsa su.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne a Boɗinga. Har yau ban yi allurar korona ba, domin abin ya ɗaure mini kai: cutar ta ɓulla a ƙarshen 2019, kafin shekara ta zagayo an ce an samo rigakafi. Mu kuwa ba mu manta da abin da ya faru da yaran Kano lokacin sanƙarau ba. In wata annoba ta sake zuwa, ta yaya zan gane allurar da aka gwada da gaske?

Amsa: Malam, tsoronka yana da tushe, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. An daɗe ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Abu biyu za mu so ka riƙe. Trovan maganin warkarwa ne da aka bai wa marasa lafiya, ba allurar rigakafi ba. Sannan abin da ya tayar da hankali shi ne maganar neman yardar iyaye da sa idon hukuma, kuma a nan ne ƙa'ida ta ƙara tsauri. Tun 2007 Najeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma asibitocin koyarwa, har da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suna da kwamitin da sai ya amince ake taɓa mutum da sunan bincike.

Gwajin allura hawa uku ne. A na farko mutane 'yan kaɗan masu lafiya ake yi wa, a ga ko jiki zai ɗauka da kuma yawan da ya dace. A na biyu ɗaruruwa ne, ana auna jininsu a ga ko garkuwar jiki ta motsa. Na uku shi ne mai yanke hukunci. Ana tara dubban mutane a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa rabi allurar gaske, a yi wa rabi ruwan gishiri, kuma daga mai allurar har wanda aka yi wa babu wanda ya san wacce ce. Daga nan sai jira, a ƙirga waɗanda suka kamu. A gwajin allurar Pfizer ta korona mutum kusan 44,000 ne suka shiga. Da waɗanda suka kamu suka kai 170 aka buɗe rajista, sai aka tarar 162 'yan ruwan gishiri ne, 8 kacal 'yan allura. Daga nan aka samo kashi 95 cikin 100 da aka yi ta faɗa a rediyo.

Saurin kuwa ga inda ya fito. Dangin wannan ƙwayar cuta ba baƙi ba ne ga masana: SARS ta ɓulla a 2002, MERS ta ɓulla a Saudiyya a 2012, alhazai za su tuna gargaɗin da aka riƙa yi game da raƙuma. An riga an san ƙayar da ke jikin ƙwayar, wadda take maƙale wa jikin mutum da ita. Fasahar mRNA da aka yi allurar Pfizer da ita ma tsohon aiki ce, Katalin Karikó da Drew Weissman sun wallafa muhimmin bincikensu a kanta tun 2005, shi ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2023. Abin da yakan cinye shekaru shi ne neman kuɗi da jiran isassun mutane su kamu. A 2020 gwamnatoci sun zuba kuɗi, masana'antu sun fara sarrafawa tun kafin sakamako ya fito, cutar kuma tana ko'ina, don haka ƙirgan bai ɗauki lokaci ba.

Ba za mu ɓoye maka abin da gwajin bai hango ba. Illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu hamsin ko dubu ɗari ba za ta fito a gwajin mutum dubu arba'in ba, sai miliyoyi sun karɓa. Haka aka gano daskarewar jini da kan biyo bayan allurar AstraZeneca nadiran, da kumburin tsokar zuciya a wasu samari bayan allurar mRNA, wanda yawancinsu suka warke cikin kwanaki. An gano su ne saboda ana bibiya, aka kuma sauya shawarar wa za a yi wa wacce. An kuma ga kariya daga kamuwa tana raguwa bayan watanni, amma kariya daga kwanciya asibiti da mutuwa tana daɗewa. Maganar hana haihuwa an bincika ta a ƙasashe da dama, ba a ga haka ba. Abin da aka gani shi ne al'adar wasu mata ta ɗan yi jinkiri na kamar kwana guda, ta koma daidai.

In wata ta zo gobe, ka tambaya ko NAFDAC da Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince da ita, ka karɓa a asibiti ko wurin ma'aikatan lafiya a matakin farko, a ba ka kati mai sunan allurar da lambar kwalba, ka zauna minti 15 zuwa 30 kafin ka tafi, domin mummunar borin jini in za ta zo a wannan lokacin take zuwa, maganinta kuma yana hannunsu. In kuwa bincike ne aka gayyace ka, dole a karanta maka takardar yarda da Hausa, a gaya maka kana iya fita duk ranar da ka so ba tare da an hana ka magani ba. Wanda bai yi maka wannan ba, kada ka miƙa masa dantsenka.

Tambaya: Likita, ƙanwata za ta yi aure bayan Sallah. Wata huɗu ke nan tana shan deksa da wani ruwan magani na buɗe ciki don ta yi jiki. Na yi mata faɗa, ta ce ai maganin da ya warkar da Turawa daga korona ne. Yanzu fuskarta ta yi fam, amma ƙafafunta sun sirance. Daga wata 'yar'uwarku a Mabera.

Amsa: 'Yar'uwa, abu na farko tun kafin bayani: kada ki ƙwace maganin ki zubar yau. Bayan wata huɗu, dakatarwa farat ɗaya na iya kashe ta. Ki kai ta asibiti cikin makon nan tare da kwalayen duk abin da take sha.

Ga dalili. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar gaɓa da ke fitar da sinadarin kotizol, wanda ke riƙe bugun jini da sukarin jiki, musamman lokacin ciwo ko wahala. Deksa, wato deksametazon, kwaikwayon wannan sinadari ne, amma ya ninka shi ƙarfi kusan sau 25. In mutum ya sha shi fiye da mako uku, gaɓar nan takan ga babu buƙatarta, sai ta daina aiki. In aka yanke maganin kwatsam, jiki ba shi da na waje ba shi da na ciki: sai amai, kasala mai tsanani, jiri, jini ya faɗi, suma. Likita zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan cikin makonni, wani lokaci watanni, har gaɓar ta farfaɗo.

Maganar korona kuwa, rabin gaskiya ta ji. A Ingila aka yi wani babban gwaji mai suna RECOVERY, sakamakonsa ya fito a Yunin 2020. Marasa lafiya 2,104 aka bai wa deksametazon miligiram 6 sau ɗaya a rana, na kwana 10 ko ƙasa da haka, aka kwatanta su da 4,321 da ba a ba su ba. Cikin waɗanda na'ura ke yi wa numfashi, mutuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Cikin masu shan iskar oksijin ta ragu da kusan ɗaya cikin biyar. Amma waɗanda ciwonsu bai kai ga buƙatar oksijin ba, maganin bai amfane su da komai ba, har ma alƙaluman sun karkata ga cutarwa. Dalilin a fili yake: aikin maganin danne garkuwar jiki ne. Wanda garkuwarsa ta haukace tana cin huhunsa, dannewar ceto ce. Wanda garkuwarsa ke aikinta daidai, ka ɗaure wa mai gadinsa hannu ne. Wannan gwajin dai shi ne ya nuna haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da aka yi ta wawaso a kemis, ba ya rage mutuwa. Aibamektin, maganin tsutsa, shi ma manyan gwaje-gwaje ba su ga amfaninsa ga korona ba.

Kwana goma a gadon asibiti ana auna suga ba ɗaya yake da wata huɗu a ɗaki ba. Abin da kike gani a jikin ƙanwarki ba ƙibar lafiya ba ce. Maganin yana tara ruwa da gishiri, yana kwaso kitse ya jibge a fuska da ƙeya da ciki, yana kuma cinye tsokar cinya da dantse, shi ya sa ƙafafun suka sirance. Ba banza 'yan kasuwa suka sa wa irin wannan haɗin suna "sha ka fashe" ba. Abin da ke biyo baya: nankarwa mai faɗi ja ko shuɗiya, fata ta yi laushi tana saurin tsagewa, ƙuraje, rikicewar al'ada, ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki, yanar ido, ƙashi ya yi rauni, ciwo kuma ya riƙa kama ta cikin sauƙi, har tarin fuka da ya kwanta yana iya tashi. Ruwan buɗe cikin kuwa galibi saifurohebtadin ne, maganin borin jini, yana sa barci da kasala.

A asibiti ki roƙi a auna mata jini da suga, a duba idonta, a kuma yi gwajin ciki kafin komai. In ramarta ce ke damunta tun asali, a nemi dalilin: tsutsar ciki, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo mai ƙona jiki, ko damuwa. Jiki na gaske da abinci ake gina shi a hankali, ƙarin cin abinci sau biyu tsakanin manyan ukun: gyaɗa, ƙwai, wake, fura da nono mai kyau, kifi, dabino. Muna kuma roƙon iyaye mata da masu gyaran amare su tambayi abin da ke cikin kowane haɗi da babu suna a jikinsa, domin sau da yawa wannan ƙwayar ce ake dakawa a ciki.

Tambaya: Maigidana ɗan kasuwa ne, shekararsa 48, tsawonsa mita 1.70, nauyinsa kilo 92. Tumbi ya fito masa, 'yan'uwa na cewa hutu ne. Lokacin korona na ji an ce masu jiki sun fi shan wuya. Gaskiya ne? Me zan sauya a girki? Daga uwargida a Arkilla.

Amsa: Hajiya, bari mu yi lissafin tare. Ana ninka tsawo da kansa: 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89. Sai a raba nauyi da shi: 92 a raba da 2.89 ya ba da kusan 32. Wannan shi ne ma'aunin BMI. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama ƙiba ce da likita ke ɗauka a matsayin ciwo. Alhaji ya shiga wannan sahun.

Tef ɗin tela ma ya fi sikeli faɗin gaskiya game da tumbi. Ya tsaya a miƙe da safe kafin karin kumallo, ki zagaya tef ɗin a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ya fitar da numfashi ba tare da ya shanye ciki ba. Ga namiji haɗari na farawa daga santimita 94, ya yi tsanani daga 102. Ga mace 80 da 88. Hanya mafi sauƙin tunawa: kada ƙugu ya wuce rabin tsawo, wato shi kada ya wuce 85.

Abin da kika ji gaskiya ne, kuma an fara lura da shi tun annobar murar 2009. Kitsen ciki yana tokare huhu daga ƙasa, ba ya buɗewa sosai, musamman in mutum ya kwanta rigingine. Kitsen kuma ba a zaune yake kawai ba, yana fitar da sinadarai masu sa kumburi a jiki kullum, jini ya fi saurin daskarewa, ga suga da hawan jini da ke rakiyarsa. Shi ya sa masu ƙiba suka fi kwanciya asibiti da korona, shi ya sa kuma suke cikin waɗanda ake fara kira in rigakafi ya zo. Wani ɗan bayani ga ma'aikatan lafiya masu karanta mu: allurar dantse cikin tsoka ake so ta shiga. Tsinke mai milimita 25 ya isa ga yawancin manya, amma mace da ta haura kilo 90 ko namiji da ya haura 118 na buƙatar mai milimita 38, in ba haka ba a kitse za a zube ta, kuma an ga allurar ciwon hanta ba ta kamawa sosai in ta tsaya a kitse.

Ba sai ya koma kamar saurayi ba. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002, ya bi mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58, alhali masu shan ƙwayar maganin suga ta metfomin ta ragu da kashi 31. Ga Alhaji kashi 7 kilo shida da rabi ne, a cikin wata shida.

Ki fara da abin sha, can ne ɓarnar ta fi yawa kuma ba a ganinta. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da suga kusan giram 50, cokalin shayi 12 ko 13, wato duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya sha a yini. Ki haɗa da shayin safe mai madarar gwangwani, da sukarin fura, da zoɓo da kunun zaƙi na kasuwa. Bayan haka mai: cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120, don haka ki riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Tuwo malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunsa, miya mai ganye da yawa, kuma gero da dawa da ba a surfe su tas ba sun fi farar shinkafa riƙe ciki. Kwaɗon zogale ko rama ko tafasa ya cika rabin kwano. Masa da ƙosai da fanke su koma na wasu ranaku. Tafiya kuwa, a zafin Sakkwato bayan Asuba ko bayan Isha'i ne lokacinta, minti 30, kwana biyar a mako, da saurin da zai iya magana amma ba zai iya rera karatu ba. Kafin ya fara, a auna jininsa da sukarinsa na azumin dare. In yana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa cikin barci, ki gaya wa likita, wannan ma ciwo ne mai magani.

Tambaya: Ina ganin ana tallar allurar Ozempic a Instagram, wai mako-mako ake yi mutum ya zube. Ina so in saya a aiko mini daga Legas ta mota. Daga wata ma'aikaciya a Runjin Sambo.

Amsa: Ƙanwata, maganin na gaske ne, hanyar da kike son bi ce ba mu yarda da ita ba. Sunan sinadarin semagulutaid. Yana kwaikwayon wani saƙo da hanji ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, yana kuma sa abinci ya daɗe a ciki. Ozempic na masu ciwon suga ne, Wegovy shi ne na ƙiba. A gwajin da aka wallafa a 2021, mutum 1,961 aka bi na mako 68: masu allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta kuwa kashi 2 da ɗoriya, kuma dukkansu suna kan tsarin abinci da motsa jiki. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, da aka dakatar da allurar, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ya dawo. Magani ne na dogon zango mai tsada, ki auna aljihunki kafin ki fara.

Ana ba da shi ga mai BMI 30, ko 27 in akwai suga ko hawan jini. Ana farawa da miligiram 0.25 a mako, a ƙara duk bayan mako huɗu har zuwa 2.4. Masu tsallake matakan nan su ne ke zuwa asibiti da amai da bushewar jiki har ƙoda ta taɓu. Tashin zuciya da zawo ko taurin bayan gida sun zama ruwan dare a farko. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya kuwa alamar kumburin gaɓar da ke samar da insulin ne ko tsakuwar matsarmama, a daina a tafi asibiti nan take. Mai ciki da mai shayarwa ba sa yi, mai neman haihuwa ta daina wata biyu kafin nan. Wanda a danginsa akwai wata irin sankarar maƙogwaro ma an hana shi.

Sai jabu. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Ozempic na jabu da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka, kuma a Turai an samu wasu da insulin aka ɗura a ciki, waɗanda suka yi su sukarinsu ya faɗi har suka suma. Ko na gasken ne, a firji ake ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8, bayan an fara amfani da shi kuma kada ya haura 30. Kwalin da ya kwana a bayan mota ya iso nan a watan Afrilu, ana zafin da ya wuce digiri 40, babu mai iya ba ki tabbacin abin da ya rage a cikinsa. Ki fara da asibitin masu suga da ƙiba na asibitin koyarwa, a auna ki, in ya dace a rubuta miki, ki saya a kantin magani mai rajista da ke da firjin da wutarsa ba ta yankewa.

Tambaya: Da wannan zafi da rashin wuta, ta yaya zan san allurar da za a yi wa ɗana ba ta lalace ba? Daga wani uba a Illela.

Amsa: Malam, ka nemi a nuna maka kwalbar, haƙƙinka ne. A jikin takardarta ko murfinta akwai da'ira mai duhu da ɗan murabba'i mai haske a tsakiya. Zafi ne ke sa murabba'in ya yi duhu a hankali, kuma ba ya komawa. Muddin ya fi da'irar haske, allurar na da kyau in kwanan watanta bai wuce ba. In launinsu ya zo ɗaya ko ya fi ta duhu, zubarwa ake yi. Sanyi ma yana ɓata wasu: fenta (ta jarirai mai kare cuta biyar) da ta ciwon hanta da ta tetanus in suka daskare sun tashi aiki, shi ya sa ake barin ƙanƙarar kula ta fara narkewa kafin a jera kwalabe. Ta ƙyanda da ta shawara da BCG ta tarin fuka kuwa gari ne da ake haɗawa da ruwansu, in an haɗa awa 6 kawai suke yi.

Tunda kana kan iyaka kuma rani na tafe, ka tambaya game da allurar sanƙarau. MenAfriVac da aka fara a ƙasar nan a 2011 nau'in A kawai take karewa, wanda ya addabi Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017 kuwa nau'in C ne. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, mai kare nau'i biyar: A, C, W, Y da X, kuma a kamfen ɗin farko 'yan shekara 1 zuwa 29 aka yi wa. Ko an yi wa yaro allura, in ya tashi da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko jariri maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.